Ranar da Aka Sa Baban Rifkatu a Ƙanƙara

Tun da muka dawo daga Jamus bakina bai huta ba. A coci a tambaye ni, a kasuwar Kakuri a tambaye ni, har mai keken da ya ɗauko ni daga Barnawa shekaranjiya sai da ya juyo ya ce wai ni ce matar nan da mijinta ya mutu ya dawo? Na ce masa ya kalli titi kafin ya haɗa mu da tirela. Na gaji da maimaita labarin, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri, har an kai ga cewa wai a cikin firij aka same shi yana atishawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

'Yarmu Rifkatu ce ta yi haihuwar fari a Hambug, inda mijinta Bulus yake aiki. Ni aka kira in je in yi mata wankan jego. Ubanta kuwa raka ni ya yi, don ta kafe sai ya zo ya ga jikansa. Da ya ji an ce lokacin sanyinsu ne, sai da ya yi sati yana neman dalilin fasawa. Ku da kuka san Baban Rifkatu kun san maganar. Tun yana aiki a masaƙa a Kakuri yake gaba da sanyi. Ba ya shan ruwan randa sai an surka masa, ba a kunna fanka a ɗakinsa, kuma ko a watan da kowa ke kwana a waje saboda zafi shi da safarsa yake kwanciya. Duk ciwon da ya same shi a duniya, daga ciwon baya har zuwa ciwon haƙori, cewa yake sanyi ne ya shige shi. Ni ma na tafi a kan haka. Shekara da shekaru aikina ke nan, in dafa masa ruwan wanka, in dama masa kunu mai zafi, in lulluɓe shi. Hawan jinin da likita ya ce yana da shi ne kawai bai ɗauka da muhimmanci ba, maganin sai ranar da ya ga dama.

Dauda, ƙaninsa, shi ya kai mu Abuja a motarsa. Dauda mutum ne da ba ya iya jin abu ya zauna. In aka yi rasuwa a dangi, kafin a gama kukan farko ya riga ya kira masu kanofi, ya raba wa kowa aiki, ya tsayar da ranar da za a kai gawa ƙauye. Mutumin kirki ne, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa. Muka bar gidanmu na Romi da sassafe, hanya duk ramuka da kwana-kwanar masu gyara, Dauda yana tuƙi yana ba mu shawarar yadda ake zama da Turawa, shi da ko Legas bai taɓa zuwa ba. Motar ta ɗauki zafi, ina zufa kamar an watsa mini ruwa, amma Baban Rifkatu ya hana a sauke gilashi. Wai iska za ta shigar masa kunne.

A cikin jirgi kuwa ya ga ta kansa. Sanyi ake saki ta sama ta ƙasa. Ya lulluɓa da bargon da aka ba shi, ya karɓe nawa, sannan ya yi ta kallon na wani saurayi da ke kusa da mu har yaron ya ji kunya ya miƙa masa. Abincin da aka kawo ban san sunansa ba, ɗan mitsitsi a cikin roba, na cinye ina jiran a kawo na gaske, ashe shi ke nan.

Inda na sha wahala shi ne wajen 'yan kwastam ɗinsu. Wani kare ya zo ya shinshina jakata ya zauna a gabanta ya ƙi tashi. Aka ce mu koma gefe. Ma'aikacin ya buɗe jakar, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya yana ƙifta ido. Ya ciro kuka, ya ciro yajin jego, sannan ya kai ga ƙullin kanwar da Hajiya Balaraba ta ba ni. Hajiya Balaraba maƙwabciyar rumfata ce a kasuwa, 'yar Makera, mun fi shekara ashirin muna cin abinci a kwano ɗaya, ita ta haɗa mini kayan jegon nan gaba ɗaya. Da mutumin ya ga farin abu dunƙule-dunƙule sai ya sa safar hannu ya kira ɗan'uwansa. Na gane abin da suke zargi, raina ya ɓaci. Ni uwar zumuntar matan coci ce za a ce na yi safarar ƙwaya? Na ɓalli kanwar na lasa a gabansu, na miƙa masa na ce shi ma ya lasa. Bai lasa ba, amma ya yi dariya ya mayar mini. Kilishin da muka riƙo ne suka hana, suka ce ba a shiga da nama. Baban Rifkatu ya tattaro Turancinsa na masaƙa ya tambaya ko za a bar shi ya cinye a nan tsaye, suka ce a'a. Ya yi ta mitar kilishin nan har muka isa gida.

Gidan su Rifkatu a sama yake, ɗakuna ƙanana masu tsabta, babu tsakar gida, babu inda mutum zai shanya ko tsumma. Kowa ƙofarsa a rufe. Kwanakin farko duk wanda na haɗu da shi a matakala sai na gaishe shi na tambayi iyali, sai ya kalle ni kamar na roƙe shi wani abu. Abincin darensu burodi ne da sanyinsa da wani yankakken nama shi ma da sanyinsa, wai an ci abinci ke nan. Abin da ya fi ɗaure mini kai, mutanen nan ba sa tsoron sanyi ko kaɗan. Wata tsohuwa da ke ƙofar da ke kallon tamu, kullum da safe sai ta wangale tagoginta duka iska mai yankan fuska ta shiga, wai tana sabunta iskar ɗaki. Jarirai kuwa a keke ake tura su waje a wannan yanayi, hancinsu ja wur. Na ce wa Rifkatu in ta kuskura ta fita mini da jika haka, ni da ita ne.

Wankan jegon ma da rigima aka fara shi. Babu itace, babu ganye, babu babbar tukunya. Na haɗa duk tukwanen gidan na tafasa ruwa na kai banɗaki, na hau gasa Rifkatu da tawul tana ihu tana cewa Mama za ki dafa ni. Tururi ya cika gidan, sai wani abu da ke manne a rufi ya fara ƙara kamar ana yanka shi. Tsohuwar nan ta fito tana buga mana ƙofa, ta ɗauka gobara ce. Da ta shigo ta ga babu wuta sai tsohuwa irinta da ɗaurin ƙirji, ga kuma jariri, sai ta sassauto. Washegari ta kawo mana kek. Daga nan muka ƙulla, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, amma mukan zauna mu yi ta nuna wa juna hotunan jikoki.

Baban Rifkatu ya samu wurinsa kusa da ƙarfen da ke ɗumama ɗaki. Nan yake wuni, suwaita biyu da hula, jikansa kwance a ƙirjinsa, yana rera masa waƙoƙin coci da yarenmu a hankali. Ban taɓa ganin ya riƙe nasa 'ya'yan haka ba, a lokacin kullum yana wurin aiki. Nakan tsaya daga bakin kicin in kalle su, in ji daɗi ya cika mini zuciya.

Ranar da abin ya faru muna karin kumallo ne. Ya ɗaga kofin kunu zai kai baki, kofin ya suɓuce ya faɗi. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na ga gefen bakinsa ya karkace, hannun damansa ya saki. Yana kallona yana son ya yi magana, abin da ke fitowa ba magana ba ce. Na ruga na ɗauko man zafi da bargo, ina cewa a ba shi ruwan ɗumi. Rifkatu ta daka mini tsawar da ba ta taɓa yi mini ba, ta ce kada in sa masa komai a baki, shanyewar ɓarin jiki ce. Ta kira motar asibiti. Kafin in gama ɗaura ɗankwali sun iso, sun ɗauke shi. Tsohuwar nan ta karɓi jaririn ba tare da an roƙe ta ba, muka bi su.

A asibiti aka yi masa hoton kai, aka ce gudan jini ne ya toshe wata babbar jijiya da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Suka zura wani siririn abu ta jijiyar cinyarsa suka ciro gudan. Na ɗauka an gama. Sai wata likita, yarinya ƙarama da ba ta wuce sa'ar Rifkatu ba, ta zaunar da mu ta yi bayani da Turanci, Rifkatu tana mayar mini da Hausa. Ta ce wurin da jinin bai kai ba yana da faɗi, kuma suna tsoron ƙwaƙwalwar za ta kumbura ta ƙara lalacewa. Akwai abin da suke so su gwada: za su sa shi barci mai nauyi, na'ura ta riƙa yi masa numfashi, sannan su sanyaya jikinsa gaba ɗaya ya sauka ƙasa da yadda jikin mutum yake, su bar shi a haka na ɗan lokaci. Ta faɗi gaskiya, ta ce ba kowa ake yi wa ba, kuma ba za ta yi mini alkawarin zai yi aiki ba. Ta ce ni ce matarsa, ba za a yi ba sai na yarda.

Na ce ban yarda ba. Na ce wa Rifkatu ta gaya mata wannan mutumin ko fanka ba ya so, in suka sa masa sanyi kashe shi za su yi. A ina aka taɓa jin marar lafiya yana kwance a sa masa sanyi da gangan? Mu a wurinmu lulluɓe shi ake yi, a hura masa wuta, a gasa masa jiki. Na tashi tsaye ina faɗa har wata nas ta leƙo.

Rifkatu ta kamo hannuna ta zaunar da ni. Jego take, ko tsayuwa sosai ba ta iya yi, hawaye na zuba. Ta ce, "Mama, in itace ya kusa ƙare miki kuma girki bai nuna ba, ai rage wutar kike yi don ya kai ki. Ƙwaƙwalwar Baba ba ta samun abin da take buƙata yanzu. In ta yi sanyi ba za ta ci da yawa ba. So suke abin da ya rage kada ya ƙone."

Na tambaye ta in ya tashi zai gane mu. Ta tambayi likitar. Likitar ta ce ba ta sani ba, abin da suke ƙoƙarin cetowa ke nan. Na ce su yi.

Aka bar ni na shiga na gan shi. Yana kwance babu riga, wayoyi ta ko'ina, an manna masa wasu faifai masu laushi a ƙirji da cinyoyi, ruwan sanyi yana zagayawa a cikinsu daga wata na'ura da ke gefen gado. Na taɓa ƙafarsa na ji ta kamar tulun da ya kwana a waje. Ban san lokacin da na cire mayafina na rufe masa ƙafafun ba. Sai na ji an ce da Hausa daga bayana, "Mama, kai cire wannan."

Na juya a firgice. Wata nas ce baƙa, kakkaura, fuskarta cike da fara'a. Sista Mariyama sunanta, 'yar zangon Kumasi ce a Gana, ta daɗe a can. Hausarta irin tasu ce, ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne. Ta cire mayafin ta yafa mini a kafaɗa, ta ce ni ce mai jin sanyi ba shi ba, an ba shi maganin da ko rawar ɗari ba zai yi ba, ba ya jin komai. Ta ce in ina so in taimake shi in riƙe hannunsa in yi masa magana, amma kada ta ƙara ganin zane a jikinsa. Jin Hausa a wannan wuri, ko da ta Gana ce, sai da ya sa ni kuka.

Da yamma muka koma gida saboda jaririn. A cikin mota na ce bari in sanar da Dauda. Na danna waya na yi masa saƙon murya ina kuka. Na saurari saƙon nan daga baya har ban san iyaka ba, ga abin da na ce: "Dauda, yayanka ya faɗi da safe. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Yanzu dai an sa shi a ƙanƙara, na taɓa shi jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Ka sanar da mutane, ku sa mu a addu'a." Daga nan na kashe wayar don kaina ba zai ɗauki surutu ba.

Ku kanku kun san abin da "an sa shi a ƙanƙara" yake nufi a wurinmu. Mu da muke ajiye gawa a mutuware kafin dangi su taru, ai ba ma cewa komai sai haka. Ni kuwa a lokacin ko kusa hankalina bai kai can ba. Abin da idona ya gani na faɗa.

Da gari ya waye na kunna wayar, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ba za su tsaya ba. Na buɗe na Hajiya Balaraba don ita ce a sama. Na ji muryarta tana rawa tana cewa Allah ya ba ni haƙurin wannan rashi, Baban Rifkatu mutumin kirki ne, ba ta taɓa jin wanda ya ɓata wa ba. Na buɗe na biyu, matar fasto ce, ita ma haka. Nan take na yanke cewa ya mutu, asibiti sun kira Bulus, shi kuma ya gaya wa Dauda ya ɓoye mini. Ai haka muke yi, ba a gaya wa mace mutuwar mijinta kai tsaye, sai manya sun ji an samu masu riƙe ta.

Bulus yana kicin yana haɗa shayi. Yaron nan tun da ya auri 'yata ban taɓa ɗaga ido na kalle shi sosai ba saboda kunyar surukuta, ranar nan sai ga ni na cakumi wuyan rigarsa ina girgiza shi, ina cewa ya faɗa mini gaskiya. Ya yi ta rantsuwa yana cewa Mama yanzun nan ya yi waya da asibiti, Baba yana nan yadda muka bar shi. Ban yarda ba. Na fita ko rigar sanyi ban ɗauka ba, da silifas, ya biyo ni da gudu da makullin mota.

Na same shi kwance yadda yake, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, na'urar tana ta aikinta. Na zube a kujera. Da Bulus ya gaya wa Sista Mariyama abin da ya faru, ta karɓi wayata ta saurari saƙon da na tura, ta kalle ni, ta toshe baki ta fita waje don kada ta yi dariya a gaban marasa lafiya.

Muka fita baranda Bulus ya kira Dauda ta bidiyo. Jama'a, abin da na gani! Kanofi biyu a ƙofar gidanmu a Romi, kujeru jere har bakin titi, matan zumunta sun zauna suna waƙa, hayaƙi yana tashi daga bayan gida inda aka ɗora manyan tukwane. Na hango Hajiya Balaraba da mayafinta tana raba ruwa. Dauda idonsa ya kumbura, ya fara ce mini in yi haƙuri, ya riga ya tura yara ƙauye su share wurin kabari, kuma yana binciken yadda ake dawo da gawa ta jirgi.

Na ce, "Dauda, gawar wa? Yayanka yana da rai."

Ya ce, "Matarmu, ba ke kika ce an sa shi a ƙanƙara ba?"

Na ce an sa shi, amma da ransa aka sa shi, magani ne. Ya ce shi duk tsawon rayuwarsa bai taɓa jin an sa mai rai a ƙanƙara ba, in dai ba kifi ba ne. Sai da Sista Mariyama ta yarda Bulus ya ɗan nuna masa ƙirjin yana motsi ta gilashin ƙofa. Dauda ya saki wayar, muka riƙa ganin sama da gefen kanofi, muna jin ihu da guɗa. Hajiya Balaraba ce ta ɗauki wayar daga ƙasa, ta wanke ni tas, ta ce na sa ta rufe rumfa ta yi kukan banza, in na dawo sai na biya ta hawayenta. Tana faɗa tana share ido. Shinkafar da aka dafa kuwa ba a zubar ba, fasto ya ce tunda an taru a mayar da zaman na addu'a, aka yi addu'ar aka cinye.

Na yi dariya a barandar nan har cikina ya ƙulle, amma da na koma ciki dariyar ta tsaya. Mutanen gida sun samu nasu sauƙin, su dai yana da rai. Ni kuwa na san sauran magana tana gaba. Tsorona shi ne ya buɗe ido ya kalle ni bai san ko wace ce ba.

Da lokacin ya yi suka fara mayar masa da ɗumi. Na ɗauka za a kashe na'urar a kawo barguna, ashe shi ma a hankali ake yi, kaɗan-kaɗan har mutum ya ƙosa. Sista Mariyama ta ce in aka yi garaje kumburin zai iya dawowa. Ina zaune riƙe da hannunsa, na ji yatsun suna sauyawa a cikin nawa, daga sanyin nan mai ban tsoro zuwa ɗumin da na sani. Na yi ta ba shi labarin kanofi da shinkafa, na ce masa ya tashi ya ji yawan mutanen da suka zo makokinsa, har waɗanda ba sa gaishe shi.

Bayan an janye maganin barcin ya ɗauki kwanaki kafin ya buɗe ido sosai, aka cire masa bututun numfashi. Ya kalli rufi, ya kalli taga, ya kalle ni, idon ya wuce ni kamar yadda ya wuce tagar. Na gaishe shi bai amsa ba. Rifkatu ta kawo masa jaririn, ya kalle shi babu wani sauyi a fuskarsa. Ranar nan na shiga banɗakin asibitin na yi kukan da ban yi ba tun farkon abin. Na ce wa Allah ni ce na yarda aka sa masa sanyin nan, in gangar jiki kawai za a mayar mini, ban san yadda zan yi ba.

Wata safiya likitar nan ta zo zagaye. Ta ɗaga masa hannu, ta sa ya matse yatsunta, na hagu ya matse, na dama da ƙyar. Ta nuna masa kofi ta ce ya faɗi sunansa, Sista Mariyama tana fassarawa. Bakinsa ya yi motsi, babu abin da ya fito. Sai Sista ta dafa kafaɗata ta tura ni gabansa ta ce, "Baba, wannan fa, wane ne shi?"

Ya daɗe yana kallona. Na ga yana kokawa, leɓensa yana haɗuwa yana rabuwa, yana neman "Maman Rifkatu", sunan da yake kirana da shi tun ranar da na haife ta. Sunan ya yi masa tsawo, harshen ya kasa ɗauka. Ya rufe ido, na ce shi ke nan ya gaji. Sai ya buɗe ya ce, a hankali amma sarai, "Asabe."

Sunana ke nan na yanka. Rabon da in ji shi a bakinsa tun muna saurayi da budurwa, yana tsayawa a bayan katangar gidanmu da kekensa. Rifkatu ta juyo tana tambaya wace ce Asabe, sai kuma ta tuna, ta rufe fuska. Likitar ta tambaya ko daidai ya faɗa. Na ɗaga mata kai.

Mun ƙara watanni a can yana koyon tafiya da magana kafin aka bar mu muka dawo. Ban sani ba ko sanyin ne ya cece shi ko ciro gudan jinin ne, likitar ma da na tambaye ta ta ce ba za ta iya rabewa ba. Yanzu yana takawa da sanda, hannun dama bai dawo duka ba, maganar tana zuwa guntu-guntu, dogayen kalmomi har yau suna ba shi wuya. Da yamma ana fito masa da kujera ƙofar gida mutane su yi ta zuwa gaishe shi. In yana son wani abu daga ciki, sai ya ɗaga murya a gaban Dauda, a gaban fasto, a gaban yaran unguwa, ya kira Asabe. Matan layinmu har sun fara tsokanata da shi, wai amarya ana kira. Rifkatu ta ce in riƙa gyara masa a hankali har ya koma faɗin na da, wai yana cikin motsa harshen da aka ce ya riƙa yi. Na ce mata to. Ban taɓa gyara masa ba.